Bango na Huɗu a Ɗakin Inna

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Sulɓi mai filasta, a cikin ɗakin da ya shekara arba'in yana yi wa matarsa alkawarinsa. Daga Allah muka fito, wurinSa kuma za mu tattara mu koma, da mai biro da mai cokalin gini. Ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya biyar, da jikoki, da bangayen da ba wanda ya san yawansu.

Ni ba marubucin ta'aziyya ba ne. Na ma daɗe da daina karanta ta, tun da na ga irin mutanen da ake cika shafi biyu da yabonsu, mutanen da na zauna ofis ɗaya da su, na kuma san takardun da suka sa wa hannu. Amma kai, Malam, ba mai cika shafi saboda kai, shi ya sa na nemo birona. Kuma ba kuka na zo yi ba. Na zo in shaida wa wanda bai sani ba cewa ka tafi da nasara. A gaban idona ka ci ta, da hannuna kuma ka ci ta.

Sunanka na gaskiya kaɗan ne suka riƙe shi. Sulɓi kowa yake ce maka, domin in ka gama bango, mutum ya shafa tafinsa a kai, sai ya ji kamar farantin tangaran ya shafa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da haɗuwarmu. Lokacin ina jami'in duba gine-gine, da digiri biyu, da farar hular kwano, da motar ofis da direbanta. Na zo duba ginin wasu azuzuwa, na same ka a kan katako kana bin bango da cokalin goge, wato wannan shimfiɗaɗɗen ƙarfen mai mariƙi a bayansa, wanda ake bi da shi a kan filasta daga ƙarshe don fuskarta ta rufe ta yi santsi. Na ga wanda ke hannunka matsakaici ne, ga kuma wani babba mai inci goma sha takwas a ajiye a kan buhun siminti. Nan take na ciro takarda na buga lissafi, na nuna maka cewa da babban za ka rage kusan sulusin lokacin aikin.

Ka sauko, ka goge hannu a jikin rigarka, ka duba lissafin da kyau kamar mai karanta wasiƙar gida. Sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, lissafin ya yi. Amma takardar ce za ta danna bangon?"

Ka miƙo min babban, ka ce in gwada. Na hau katako da farar rigata, na ja sau ɗaya, gefen ƙarfen ya nutse ya tsaga filastar kamar an ja garma. Leburori suka juya baya suna dariya a cikin hannun riga. Na yi shekara guda ban yafe maka ba. A shekara ta biyu na fara neman wuraren da kake aiki, ina zuwa da sunan dubawa, alhali kallo nake zuwa yi.

A can na san tsohuwar jakarka ta fata da cokula biyar da ke cikinta, kowanne a naɗe da tsumma mai ɗan mai. Akwai mai inci takwas, na gefen taga da ƙarƙashin bene da bayan famfo. Akwai mai goma sha ɗaya, na ƙananan ɗakuna da na masu koyo. Akwai goma sha uku, akwai goma sha shida, sai babban nan na dogon bango wanda ba taga ba lungu. Kana cewa abu uku ake dubawa kafin a ɗauki cokali: faɗin bangon, da saurin kamawar kwaɓin a ranar, da ƙarfin wuyan hannun mai riƙewa. "Biyun farko ido yana gani," in ji ka. "Na ukun ne mutane ke yi wa kansu ƙarya a kai." Babban cokali yana cin fili, amma yana raba ƙarfin mutum a kan dogon ƙarfe, in hannun bai kai ba sai tsakiya ta ƙi dannuwa, gefe kuma ya riƙa yanka. Kai da kanka na ga yadda ka yi ta sauka. Kana ɗan shekara arba'in da 'yan kai, da mai goma sha shida kake aiki. Da ka kai sittin ka koma goma sha uku, a gaban kowa, ba ka ɓoye ba, ba ka ce wai ƙarfen ne ya lalace ba.

Kuma akwai guntun madubi a aljihun jakar. In ka gama bango, sai ka tsaya a bakin ƙofa ka tari rana da shi, ka kwantar da hasken a jikin bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan. Duk wani tudu ko kwari da ido ba ya gani, sai ya fito da inuwarsa. Masu gida ba su taɓa neman ka yi haka ba. Wasu ma roƙonka suke ka bari, wai fenti zai rufe. Ni da aka ba hula da mota don in duba aikin mutane, ban taɓa ƙirƙiro gwaji mai tsanani kamar wanda kake yi wa kanka da fasasshen madubi ba.

Ba ka yarda a zubar da ragowar kwaɓi. In an tashi aiki da saura a kwano, sai ka ɗauka ka bi layi kana neman matakalar da ta karye ko gindin katangar da ruwa ya ci. Akwai tsohuwar da ke sayar da gawayi a ƙarshen layinku, wadda ta wayi gari ta ga ramin ɓerayen da ya dame ta shekara uku ya toshe, har ta rasu ba ta san wanda ya yi ba. Yanzu na faɗa.

Ranar da aka kore ni daga aiki, ni ma ina cikin waɗanda ka toshe wa rami. An kawo min takardar wani bene da ginshiƙansa suka tsattsage tun kafin a ɗora rufi, aka ce in sa hannu, na ƙi. Aka mayar da ni wani ɗaki marar taga, ba fayil ba waya, wata takwas, sannan aka yi min ritaya da wasiƙar godiya. Mutanen da suka ci abinci a teburina suka koma tsallaka titi in sun hango ni. Kwana uku bayan haka ka buga min ƙofa da bokiti a hannu, ka ce akwai wata tsaga a bangon falona da ta shekara biyar tana ɓata maka rai. Ka durƙusa kana cike ta, ni kuwa ina tsaye a kanka ina zagin ofis da mutanensa da ranar da na shiga makaranta. Ba ka ce in yi haƙuri ba. Da ka gama ka ce kada a taɓa wurin sai jibi.

Daga nan, shekara goma sha bakwai, duk Lahadi da yamma kana gidana. Ni ina cewa duniyar nan ba ta son abu miƙaƙƙe, kai kana kurɓar shayi kana cewa kai dai bangonka na jiya a miƙe yake. Ina cewa duk karatuna a takarda ya ƙare, babu wani abu ɗaya a tsaye a bayan ƙasa da zan nuna in ce ni na gama shi. Kana cewa, "Injiniya, za ka gama bango wata rana." Ina ɗauka irin maganar da ake yi wa marar lafiya ce.

Sai maganar ɗakin Inna. Inna kowa yake ce wa matarka, har mu da muke sa'o'inta. Shekarar da aka haifi babbar 'yarku ka ɗora mata ɗaki a bayan gida, ka yi rufi, ka sa ƙofa da taga, ka ce filasta sai ka sami sarari, domin ba ka son ka yi mata aikin gaggawa. Sararin bai zo ba. Ɗakin ya zama ma'ajiyar siminti da tsani da kwanonin kwaɓi. Duk wanda ya yabi aikinka a gabanta sai ta ce, "Haka nake ji a gari. Ni dai mai filasta na aura, bulo nake kallo." Kana dariya, amma na san maganar tana taɓa ka.

Bara ka daina karɓar aiki, ka kwashe kayan ɗakin, ka fara. Bango ɗaya, ka huta mako biyu. Bango na biyu. Na uku. A watan Janairu, kana shirin na huɗu, wanda yake da taga, ka faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinka na dama ya shanye. Magana ta dawo a hankali, da nauyi, amma ana ganewa. Hannun bai dawo ba. Wata rana da na zo gaishe ka, babbar 'yarka, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta raka ni bakin ƙofa ta ce, "Baba, zuciyar ma ta gaji. Likitoci ba sa maganar shekara."

Dogo ya zo washegari. Shi ne mutum na farko da ka koya wa aiki, yanzu da furfurarsa da ma'aikata ashirin a ƙarƙashinsa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, aikin yini ɗaya ne. Ka ba ni izini." Ka yarda ya watsa kwaɓi ya daidaita, amma ka ce gogen ƙarshe ba zai yi ba. Ka ce Dogo ya riga ya iya, hannunsa ya cika da nasa salon, in ya goge bangon Dogo ne, kai kuwa ba bangon Dogo ka yi wa Inna alkawari ba. "Hannun da bai san komai ba nake nema," ka ce, "in shiga cikinsa. A kira min Injiniya."

Ina zaune a wurin Inna ta ce, "Malam, shekara arba'in ina jira, sai ka ɗauko mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa ba?" Sannan ta juyo. "Injiniya, ka yi haƙuri, ba da kai nake ba."

Na ce, "Da ni kike, Inna. Kuma gaskiya kika faɗa."

Duk da haka na karɓa. Kuma ina so in rubuta abin da na yi, don kada wani ya ɗauka wannan labarin yabon kaina ne. Na auna bangon, ƙafa goma sha biyu a tsawo, tara a tsaye. Na tambayi Dogo minti nawa kwaɓi yake ɗauka kafin ya kama. Na zauna na buga lissafi, shi dai wannan lissafin na shekara talatin da ɗaya da suka wuce, na ga cewa mutum mai jinkiri irina ba zai riga kwaɓi ba sai da cokali mafi girma. Da aka buɗe jakar a gaban kujerarka, na miƙa hannu na ɗauki goma sha takwas.

Ka ce, "Shi ka zaɓa?"

Na ce, "Lissafi ne ya zaɓa."

Ka bar ni. Daga baya ka gaya min cewa da ka hana ni a ranar, da na yi biyayya da hannu ina gardama a zuci, kuma gardamar za ta fito a bango.

Ban kai rubu'in bangon ba wuyan hannuna ya kama wuta. Ina dannawa, ƙarfen ba ya ji. Ina ƙara karkata shi don ya kama, gefensa yana yankawa. Ina komawa in gyara yanka, gaba tana bushewa. Da Dogo ya tari rana da madubi ya kwantar da hasken, bangon ya fito kamar gonar da aka yi wa huɗa. Dole aka kankare shi duka kafin ya ƙarasa taurin. Inna ta leƙo, ta duba, ta koma, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Hannuna ya kumbura, na yi kwana takwas ko biro ba na iya riƙewa. A cikin kwana takwas ɗin nan numfashinka ya sarƙe sau ɗaya har aka kwana biyu da kai a asibiti. Ni na ci waɗannan kwanakin, daga cikin 'yan kaɗan da suka rage maka, saboda ina jin kunyar a gan ni da ƙaramin cokali.

Da aka sallamo ka, ka sa aka sake buɗe jakar. Ka ɗaga tafin hannunka na hagu, mai lafiyar, ka ce in ɗora cokali a kai in danna kamar bango ne. Na ɗora goma sha takwas, na danna iya ƙarfina.

"Ba na jin ka," ka ce.

Goma sha shida, ka girgiza kai. Goma sha uku, ka ce kana jin rabina. Na ɗora goma sha ɗaya na danna.

"Yauwa. Ga ka nan."

Shi ne cokalinka na farko, wanda ka fara koyo da shi. Shekaru sun cinye gefensa har ya yi siriri kamar wuƙa, kusurwoyinsa sun zama kewaye, ba sa barin layi a bango kamar na sabon cokali. Katakon mariƙin ya lotsa daidai wurin yatsunka. Na ce, "Malam, wannan ai na masu koyo ne."

Ka ce, "To kai mene ne?"

Kwana goma sha biyu muka yi a katangar bayan gida. Dogo yana zuwa da sassafe ya shafa min faɗin tabarma ɗaya kafin ya wuce aikinsa, kai kana kan kujera da bargo a gwiwa. Ka koya min in danna babban yatsa a filasta: in ta manne a yatsa, da saura, in ta ƙi lotsawa, na makara, in ta lotsa kaɗan ta bar yatsan a tsabtace, lokaci ya yi. Ka ce in ɗaga gefen gaba kaɗan, "kamar za ka buɗe littafi ka leƙa, tunda littafi ka sani." Ka ce in daina kallon ƙarfen in saurare shi, domin in fuskar bango ta fara rufewa sautinsa yana canzawa, daga ƙarar yashi ya koma wani siririn sauti mai tsabta. Ban ji shi ba sai a kwana na tara. Da na ji, na juyo in gaya maka, na tarar kana murmushi da rabin bakin da ya rage maka. Ka riga ni ji daga kujera.

Amma kullum kana ƙara ramewa, kuma Inna tana gani. Ranar da aka kai ka ganin likita ta tare ni a tsakar gida, Dogo yana tsaye. Ta ce, "Injiniya, don Allah. Ba don ɗakin ba, ni na haƙura da ɗaki tun tuni. Kada ya tafi da abin nan a ransa. Dogo ya goge yanzu kafin su dawo, a ce kai ne." Na buɗe baki zan ce to. Wallahi zan ce to, domin ni ma tsoro nake ji. Dogo ne ya ce, "Inna, Baba zai gane. Ko ido a rufe, da tafin hannu zai gane." Sai na ji bakina yana cewa a ba ni zuwa Alhamis.

Alhamis, ashirin da ɗaya ga Maris, muka fara da sanyin safiya. Tunda ƙaramin cokali ba ya cin fili, ka tsara mana yadda za mu yi: Dogo ba zai shafe bangon gaba ɗaya ba, zai riƙa shafa shi tsiri-tsiri, faɗin hannu ɗaya, yana gaba ina biye, kowane tsiri a haɗa shi da na baya tun gefensa yana ɗanye. An ajiye kujerarka a bakin ƙofa. Magana tana gajiyar da kai, don haka ka riƙe sanda: bugu ɗaya a ƙasa, in ci gaba, bugu biyu, in koma inda na baro. A tsiri na farko na sha bugu biyu sau bakwai. A na uku sau biyu. Da muka iso taga ka ce, "Takwas," Dogo ya miƙo min ƙaramin, na zagaye ta, na koma goma sha ɗaya.

A sulusin ƙarshe ƙarfina ya fara ƙarewa. Shekarata sittin da shida, ban taɓa yin aikin ƙarfi na awa huɗu a jere ba. Na ce zan zauna minti biyar. Ka ɗaga murya, abin da ba ka yi ba tun da ka faɗi. "Ba a tsayawa! In ka tsaya, wurin zai nuna har ɗakin ya rushe." Sai ga Inna da kofin ruwa. Ba ta miƙo min ba, ta kafa min shi a baki ina sha ina gogewa, tana cewa, "Sha, ɗan boko, sha, kada ka mutu min a ɗaki tun ban shiga ba."

Kafin azahar na ja jan ƙarshe a kusurwar ƙasa. Sandar ba ta buga ba.

Sai da muka jira la'asar, rana ta juyo ta ƙofa. Dogo ya ciro madubin. Ya tari hasken, ya karkata shi a hankali, ya kwantar da shi a jikin bangon. Na rufe ido, ba na ɓoyewa. Sannan na buɗe. Hasken ya tafi daga kusurwa zuwa kusurwa a shimfiɗe, bai yi tuntuɓe ba. Dogo ya sauke shi ƙasa, ya ɗaga shi sama, ya bi ta saman taga. Babu inuwa. Mutumin nan mai ma'aikata ashirin ya ce, "Allahu Akbar," muryarsa ta karye.

Kai ba ka yarda da ido ba. Ka ce a ɗauke ka. Ni da Dogo muka ɗaga kujerar, muka bi da kai a hankali, kana shafa bangon da tafin hagu tun daga ƙofa. Ƙarƙashin taga ka ce a tsaya. Ka koma baya da yatsu, ka sake bi. Akwai ɗan kwari a wurin, bai kai faɗin tafin hannu ba, ko madubin bai kama shi ba.

"Nan ka tuna ofis," ka ce.

Gaskiya ne. A daidai wurin na tuna fuskar mutumin da ya miƙo min wasiƙar godiya. Na ce a kawo ruwa in gyara. Ka ce a bar shi. "Sauran nawa ne. Wannan naka."

Sannan ka ce a kira Inna, ko da yake tana tsaye a bayanmu tun ɗazu. Ka ce, "Ga ɗakinki."

Ta duba bango huɗun ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ka makara da shekara arba'in, Malam."

Ka ce, "Amma na iso."

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta ja mayafi ta rufe fuska, mu kuma muka sami abin yi a waje.

Mako guda ana yayyafa wa bangon ruwa safe da yamma, kamar yadda ka umarta. Ranar ƙarshe ta watan aka shigar da gado, ka ce a juya shi ya fuskanci taga. Kwana tara ka yi a ɗakin. 'Ya'yanka sun kawo maganar fenti, Inna ta ce ba mai rufe mata bango. Na zo ranar Lahadi ta ƙarshe kamar yadda muka saba, wannan karon ni ne baƙo. Na fara ƙorafina na kullum a kan duniya da mutanenta, sai ka ɗaga yatsa ka nuna bangon. Na juya na duba shi. Shekara goma sha bakwai kana neman yadda za ka rufe min baki, ka samu ana saura kwana biyu.

Ba zan ce na sauya ba, Malam, kai ma ba za ka yarda ba. Har yanzu ina ganin abin da nake gani. Benen nan da na ƙi sa wa hannu, wani ya sa, an ƙara wa mutumin girma, ya kuma yi ritaya da lambar yabo. Amma yanzu akwai bango ɗaya, ƙafa goma sha biyu a tara, wanda yake tsaye a miƙe, kuma na san yadda aka yi ya miƙe. Ka cika alkawarin matarka bayan hannunka ya mutu. Manyan da na sani, da hannuwansu biyu da hatiminsu, ba su cika ko rabin nasu ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta Dogo ya kawo min abu a naɗe da tsumma mai ɗan mai, ya ce ka bar wasiyya: jakar da cokula huɗu da madubin nasa ne, goma sha ɗaya nawa. Shekaranjiya kuma Inna ta aiko cewa matakalar ɗakin girkinta ta fashe, wai ko akwai mai filasta a kusa. Na ce a gaya mata ina tafe da safe.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, Inna. Allah Ya ba ki haƙurin wannan rashi, Ya sa ki daɗe a ɗakinki cikin lafiya. Ina yi wa babbar 'yarsa ta'aziyya, wadda ta yi jinyarsa dare da rana, da ƙannenta huɗu, da jikoki duka; Allah Ya haɗa kanku, Ya sa albarkar guminsa ta bi ku. Ina yi wa Dogo, da duk wanda ya taɓa danna cokali a tafin hannun nan aka gaya masa gaskiyar ƙarfinsa.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo. Ka gafarta masa, Ka yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi daga kusurwa zuwa kusurwa. In an sami ɗan kwari a aikinsa, Ka rufe shi da rahamarKa, kamar yadda ya bar min nawa bai tona ba. Shekara hamsin bai taɓa ɗora wa wani hannu abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ka sauƙaƙa masa hisabi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa ta same mu mun gama bangonmu. Amin.